'Yar Hansatu Ba Ta Kuka a Asibiti

Idan ka je Ushafa ka tambayi gidan Hansatu mai tukwane, ba wanda zai tsaya tunani, can gindin dutse za a nuna maka, ƙofar da randuna ke kife a jere. Gajeriyar mace ce kakkaura, kafaɗarta ta dama ta yi kanta saboda dakon yumɓu, don matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba a ka ba. Masu zuwa daga cikin gari sayen tukwanen fulawa sukan ce matar nan murmushinta tsada. Ina ruwansu! A sanyin mota suka zo, a sanyin mota za su koma. Ba su san rabin rayuwar matar a bencin asibiti ya ƙare ba, tana gadin ran 'yarta Jessica, wadda aka haifa da ciwon sikila.

Tun tana yarinya aka san Hansatu da dauriya. Uwar da ta koya mata ginin tukwane ita ta koya mata cije baki: mace ba ta raki, ko a kan gwiwa take. Ranar da wuta ta lashe mata bayan hannu wajen gashin tukwane, tsohuwar ta dubi hannun sau ɗaya ta ce, "To sauran tukwanen fa, su kwashe kansu?" Haka ta tashi, haka ta yi aure, kuma har ga Allah ba ta taɓa ganin aibun wannan tarbiyya ba.

Abraham ta aura, manomin doya, mai kaɗa ganga a coci ranar Lahadi. 'Ya'yansu biyu na farko maza ne, duk ba su kai yaye ba. Hannu ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, kuka ba dare ba rana, sai kuma shiru. Dangin miji suka ce wabi take yi. Fasto ya yi addu'a, kawunta da ya musulunta ya aiko da rubutun sha, wata tsohuwa ta kawo saiwa, Hansatu ba ta raina na kowa ba, duk ta karɓa. Sai a kan Jessica, ta uku, wani likita ya ɗebi jininsu su ukun ya auna, ya zaunar da su ya ce ba iska ba ce, ba kuma baki ba ne, jinin uwa da na uba ne suka haɗu. Ya ce duk ranar da ciwon ya tashi da ƙarfi kada su tsaya jiƙe-jiƙe, su nufi babban asibiti, ɓangaren gaggawa, wanda kowa ke ce wa emajensi. Daga ranar Hansatu ba ta da sauran buri a duniya sai ɗaya. Wannan kam, ta ce a ranta, ba za ta binne ta ba.

Zuwanta emajensi na farko, lokacin Abuja ba ta gama cinye gonakin mutane ba, Jessica tana tatata. Ta goyo ta, ta shiga, ta ga benci cike da jama'a, ta tambayi wane ne na ƙarshe kamar yadda ake yi a layin famfo, ta zauna bayansa. Can sai ga wani an shigo da shi ranga-ranga, aka wuce da shi ciki. Aka shigo da wata mai ciki tana zubar da jini, ita ma ciki. Hansatu ta daure. Amma da wani mai tumbi da agogon zinare ya shigo dafe da ƙirji aka tarbe shi da keken marasa lafiya, sai ta miƙe ta tare wata nas da Hausarta ta Abuja.

"Madam, ni na fara zuwa! Don shi oga ne? Yarinya na ba shi da lafiya tun safe."

Nas ɗin dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, kuma ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Mama, nan ba layi ake bi ba. Wanda ya fi kusa da mutuwa shi ke gaba. Idan aka ce ki jira, ki gode wa Allah." Tana faɗa tana buɗe goyon. Ta ja fatar idon yarinyar, ta ga fari fat, ko ɗigon jini babu. Nan take ta fizge Jessica ta yi ciki da gudu, takalminta ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba. Aka yi wa yarinya ƙarin jini, Abraham ya miƙa hannu aka ɗebi nasa, ta rayu. Hansatu ta dawo gida riƙe da maganar nas ɗin gam: wanda aka ce ya jira, nasa da sauƙi.

Shekaru suka yi ta tafiya, ita kuwa ta zama 'yar gida a wurin da ba mai son zama ɗan gida. Ta san sai an yanki kati, ta san teburin bakin ƙofa inda nas ke auna zafin jiki da hawan jini ta raba mutane kashi-kashi da launi: ja a wuce ciki nan take, ruwan ɗorawa a ɗan jira, kore kuwa ka nemi wurin zama mai kyau don ka daɗe. Ta san za a aike ta sayen sirinji da safar hannu da ledar ƙarin ruwa, a ce wannan babu a nan sai a waje. Ta san warin wurin, maganin wanke ƙasa da jini da zufa, wanda ke bin zani har gida. Ta san kalmar da ta fi kowace ɗaci, "babu gado", da yadda ake sake ɗaukar marar lafiya a mota a nufi wani asibitin, can ma a ce babu. Kullum akwai jaka a rataye a bayan ƙofarta, da fulas, da zani biyu, da ɗan bokiti, da katin Jessica a leda. Matan unguwa idan na wata ya faɗi, wurinta ake fara zuwa a ji abin da za a ɗauka.

Jessica kuwa a lokacin tana kuka, kuka sosai. Wanda bai taɓa ganin ciwon sikila ya tashi ba, kada ya ce komai. Ƙashi ne ke ciwo daga ciki, ba wurin da za ka dafa ka ce nan ne. Yarinyar takan yi birgima, ta kira Yesu, ta kira uwarta, ta ciji filo. Hansatu ba ta son kukan, yana taɓa mata wani wuri a zuciya, amma tana cewa yarinya ce, za ta girma.

Abin ya faru ne Jessica tana 'yar sakandare, ta fara zama budurwa. Wata rana da hantsi suka isa emajensi tana ihu, gashi a tsefe, zani a karkace, ƙafa duk laka. Da yake ta sha zuwa, ta haddace sunan allurar da ke kwantar mata da ciwon, sai ta riƙa kiran sunan tana roƙo a yi mata. Nas ɗin da ke teburin ranar sabuwa ce, ga gajiya, ga baki. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta juya ga abokiyar aikinta, da ƙarfi yadda duk benci zai ji, ta ce, "Ka gan su ko? Har sunan allura ta sani. Ba ciwo ba ne, allurar ce ta saba da ita. Duk wannan ihun fim ne."

Wayyo! Hansatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mutane suka juyo suna kallo, wani ya yi tsaki. An yi wa Jessica allurar daga baya, bayan ta galabaita, amma maganar ta riga su isa gida, domin akwai wata 'yar cocinsu a bencin da ta kawo mijinta. Kafin Lahadi ta zagayo, rabin Ushafa sun ji cewa 'yar Hansatu 'yar ƙwaya ce, likitoci ma sun gano ta. Mata suka fara janye 'ya'yansu daga jikinta. Abraham ya ajiye gangarsa, ya yi makonni bai leƙa coci ba.

Hansatu ta zaunar da 'yarta a bayan ɗaki, wajen da take shanya tukwane, ta yi mata magana da Gbagyi, a hankali, ba faɗa. Ta ce daga yau an gama kuka a asibiti. Ba kiran sunan magani. Ba zuwa da datti, sai an yi wanka an sa kayan kirki, don mutanen nan da ido suke auna mutum. Idan an tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, kamar yadda kowane mai hankali ke cewa. "Ciwo naki ne," in ji ta, "amma mutunci namu ne gaba ɗaya." Jessica ta share hawaye ta ce, "To, Mama."

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Ta yi aiki shekara da shekaru! Jessica takan shigo fes, ta gaida kowa, ta zauna ta dunƙule hannu a cinya har farce ya shige nama, ba ka jin ko nishinta. Nas-nas suka riƙe sunanta, suna nuna ta ga sauran marasa lafiya, suna cewa ku dubi yarinyar kirki. Likitoci suna yi mata fara'a. Zancen ƙwaya ya mutu a gari. Ta gama karatu, ta samu koyarwa a wata makarantar yara a Bwari, tana dawowa da alli a gefen riga tana ba uwarta labarin shirmen ɗalibanta. Gonar Abraham kuwa masu gidajen haya suka shata ta da bulo, ya koma gadi a cikin gari, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Duk da haka Hansatu takan dubi 'yarta ta ji ta ci nasara. Wadda aka ce ba za ta kai yaye ba, ga ta ana ce mata Anti Jessica.

Ranar da zancen ya ƙare, damina ce ta yi tsakiya. Ruwa ya kama Jessica a kan babur ɗin okada tana dawowa daga makaranta, ta iso gida sharkaf. Washegari ta tashi da zazzaɓi da tari, ta ce wannan karon ba ƙafa ba ce, ba baya ba ne, ƙirjinta ne, kamar an ɗora mata randa. Hansatu ta aika a kira Lukmanu, maƙwabcinsu mai tasi, wanda ya sha kai su. Sannan ta ɗora ruwan zafi. Ta yi wa 'yarta wanka, ta hura gawayi ta goge mata rigar coci, ta gyara mata kitso. Da ta ga leɓen yarinyar ya yi fari ya ɗan yi duhu, sai ta ɗauko jan-baki ta shafa mata, ta bi fuskar da hoda.

Lukmanu yana waje yana danna ham. Da suka fito ya dube su ya ce, "Mama Jessica, biki za mu ko asibiti? Ai da yadda take kika sako ta, wallahi."

"Ja mota, Lukmanu," in ji Hansatu.

Sun isa wajen azahar, suka tarar da emajensi a hargitse. Wata bas ce ta kife a babban titi, an kwaso mutane jina-jina, wasu a gado, wasu a ƙasa a kan kwali. 'Yan'uwa suna kururuwa, masu gadi suna tura jama'a baya, wata nas tana gudu da ledar jini a kowane hannu. A teburin bakin ƙofa Sista Rosemary ce, nas ɗin da ta daɗe da sanin su, mace mai kirki, rigarta duk ta ɓaci. Da ta ga Jessica har ta ɗan yi murmushi.

"A'a, yarinyar kirki! Ciwon ya tashi ne? Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Sista."

"Ina ke ciwo?"

"Ƙirji ne, kaɗan."

Sista Rosemary ta auna zafin jiki ta ga akwai zazzaɓi, ta auna jini. Ta laluba neman ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa a ga ko iska na isar mutum, aka ce an shiga da shi wajen masu hatsari. Ta ɗago ta dubi fuskar Jessica da kyau. Me za ta gani? Budurwa tsaf, leɓe ja, fuska luf, tana tsaye da ƙafafunta. Ta sa ta a kashin ruwan ɗorawa, masu ɗan jira, ta ce, "Ku zauna, yanzu zan dawo kanku. Idan ya ƙaru ki yi min magana, kin ji? Kada ki ji kunya." Aka ƙwala mata kira daga ciki, ta ruga.

Hansatu ta ji sanyi a ranta. An ce su jira, ke nan nasu da sauƙi. Suka samu gefen benci suka zauna, ta ajiye jaka tsakanin ƙafafunta. Wani saurayi ƙato da ya karye a hannu yana ta ihu yana kiran uwarsa, aka zo aka ja shi ciki don a huta da shi. Hansatu ta taɓe baki, a ranta tana cewa ji ƙato da raki, ko kunya babu.

Rana ta fara karkata. Numfashin Jessica ya koma gajere-gajere, zufa ta fara wanke hodar. Lukmanu, da ya ƙi tafiya, ya durƙusa gaban Hansatu.

"Mama Jessica, don Allah ki bari in je in ɗaga musu murya. Numfashin nan bai yi min ba."

"Ba ka ga aikin da suke yi ba? Mutane na mutuwa a ciki. Sun ce mu jira."

"Ai ita ma mutum ce!"

"Lukmanu, ka zauna. Ba za a sake cewa 'yata tana fim ba."

Ya miƙe ya fita waje yana girgiza kai. Hansatu ma fa ba hankalinta kwance yake ba, ƙarya ne a ce kwance yake. Tana jin zafin jikin yarinyar ta cikin riga. Sau biyu ta yunƙura za ta tashi, sai ta ga Sista Rosemary ta wuce da gudu hannu duk jini, sai ta ji nauyin tare ta, ta koma ta zauna.

Can Jessica ta matso da bakinta kusa da kunnen uwarta. Da Gbagyi ta yi maganar, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya.

"Mama, in yi magana?"

Malamar makaranta guda, mai ɗalibai, tana neman izinin cewa tana jin ciwo. Hansatu ta dubi ƙofar ciki, ta ga an fito da gado ɗaya ana goge shi. Ta dubi mutanen benci. Ta ce, "Ƙara daurewa kaɗan, 'yata. Sun kusa gamawa, mu ne na gaba."

"To, Mama."

Ta kwantar da kai a cinyar uwarta. Hansatu ta lulluɓe ta da zani tana shafa mata baya. Bayan wani lokaci hakin ya lafa, jikin ya saki, har Hansatu ta yi ajiyar zuciya ta ce barci ya ɗauke ta, gara ta huta. Sai da ta kai hannu za ta gyara mata ɗankwali, ta taɓa kumatun, ta kira sunanta, ta sake kira, ta girgiza ta, hannun yarinyar ya zame ya faɗi yana lilo a gefen benci.

Ihun da Hansatu ta yi, Lukmanu daga wajen ajiye motoci ya ji shi. Matar da ba ta yi kuka a naƙuda ba, ba ta yi a kan kabarin 'ya'ya biyu ba. Kuma ka ga ikon Allah, nan take wuri ya buɗe. Gado ya samu, tukunyar oksijin ta samu, likitoci biyu suka fito a guje, Sista Rosemary tana kiran sunan Jessica tana kuka. Duk abin da ake nema ashe yana nan, taku kaɗan daga bencin. Suka danna ƙirji, suka yi allura, suka sake dannawa, suka daɗe suna yi. Daga baya suka ja labule.

Likitan da ya fito wurinta matashi ne, idonsa ja don gajiya. Ya ce ciwon ne ya kama huhu, irin wanda ba ya jira, da an sani da wuri da an sa mata iska an yi ƙarin jini. Ba da faɗa ya yi tambayar ba, shi ma abin ya dame shi ne.

"Mama, tun ɗazu kuna nan zaune? Me ya sa ba ta faɗa ba? Ko ihu ta yi ai da mun fito."

Hansatu ta buɗe baki, Hausar ta gudu, Gbagyin ma ya gudu. Da ƙyar ta samo kalma uku zuwa huɗu.

"Ni na hana shi."

Likitan bai gane ba, kuma bai samu damar tambaya ba, don wata mota ta tsaya a bakin ƙofa ana ihu, ya juya ya tafi. Lukmanu ya je ɗauko jakar. Kafin ya isa, wasu sun riga sun zauna a inda suka tashi.